Awon Nesa a Kan Dutsen Kitt

Ƙarfe biyun dare a kan Dutsen Kitt.
Tucson na can ƙasa, ta rage fitilunta
don kada ta kashe mana ido.
Delfina ta buɗe rufin ɗakin hange,
ƙarfe ya yi kuka kamar ƙyauren tsohon kanti,
ta ce, "Yau sai ina?"
Na ce, "Sumbula."

Unguwa ce a sama, gida ya fi dubu,
kowane gida garken taurari ne.
Waɗanda nake bi an naɗe su kamar faifai,
daga cibiya aka ɗauko saƙa
har bakin da kaba ta ƙare.
Wanda ya fuskance ni ba ya faɗin komai.
Wanda ya kishingiɗa nake nema,
shi ke tona asirin kansa.

Gefe guda na tahowa gare ni,
haskensa ya ɗan sha baba.
Ɗaya gefen gudu yake,
ya yi ja, jan lallen kwana.
Tsakanin shuɗin da jan
nake karanta saurin juyi:
kilomita ɗari biyu kafin ƙiftawar ido.

Inna Tasalla ba ta san da dutsen nan ba,
amma a gabanta na fara karatun.
Takan shafa alli, ta murza mazari,
ta ce, "Dubi juyinsa, kin san gululunsa."
To, haka abin yake a sama.
Mai saurin juyi nauyi gare shi,
mai nauyi taurarinsa da yawa,
mai taurari da yawa fitilarsa babba ce.
In ka san girman fitila,
ka kuma ga yadda ta dushe kafin ta iso ka,
ka san tafiyar da ke tsakani.
Da haka Baba ke gane nisan tirela
a hanyar Funtuwa in dare ya raba.

Goma sha ɗaya na auna, bakinsu ɗaya:
shekara miliyan hamsin da 'yan kai
haske ke tafe bai yada zango ba,
sai a madubin nan, gaban mace mai mura
da safa biyu a kowace ƙafa.

Ta sha biyu ta ƙi.
Na sake lissafi, na gyara kishingiɗarta,
na cire ƙurar da ke hanya,
na zargi na'ura, na zargi barci.
Juyinta na manya ne, haskenta na aci-balbal.
Ashe tana can baya, ninki biyu na tafiyar,
ido ne kawai ya zaunar da ita cikinsu.
Hangen Dala, in ji mutanenmu.

Saƙon Farfesa Lindqvist ya shigo kafin asuba:
"Cire ta daga jadawali, ba 'yar unguwa ba ce."
Gaskiyarsa.
Na cire ta.
Amma na rubuta lambarta a bayan tikitin bas,
na sa a aljihun da katin zamana yake.

Gajimare ya taso daga kudu,
Delfina ta ja rufi, ta zuba mana gahawa,
ta ce, "Ke fa, garinku da nisa?"
Na ce, "Jirgi uku da mota ɗaya."
Ta yi dariya, na taya ta.

Ban gaya mata saƙon jiya ba.
Muryar Inna, daƙiƙa goma sha tara,
tana tambaya ko ina cin abinci,
sai da na manna waya a kunne kafin na ji.
Muryar da ke kiran awaki daga bayan gari
su juyo.

Na san girman wannan fitila.
Ban ɗauko biro ba.